Wasan Kenshi a Idon Masu Yin Sa: Armashin Yanayi da Yawan Tangarɗa

Gabatarwa

Wasannin kwamfuta iri-iri ne, kuma daga cikinsu akwai wani rukuni da ya fi sauran kusanci da ƙagaggen labari, watau wasan da mutum yake shiga rigar wani taliki da aka ƙaga, ya riƙa yanke masa shawara, yana tafe da shi tun yana rarrauna har ya zama ƙaƙƙarfa. Irin wannan shi za a riƙa kira wasan shiga-riga a cikin wannan maƙala. Idan kuwa aka gina duniyar wasan a kan abubuwan fasaha, kamar mutum-mutumi mai tunani, ko zaman mutane a wata duniya wadda ba tamu ba, to ya shiga sahun ƙagaggun labaran kimiyya ke nan. Manyan kamfanoni masu ɗaruruwan ma'aikata su ne suka fi shahara da fitar da irin waɗannan wasanni, amma akwai kuma ƙananan masu cin gashin kansu, waɗanda ba su da jari mai yawa, ba su kuma da uban gida mai ɗaukar nauyinsu.

Kenshi ɗaya ne daga cikin wasannin waɗannan ƙananan masu sana'a. Abin da ya sa ya cancanci nazari shi ne wani hali na masu yin sa wanda yake da wuyar fahimta ga na waje. Kusan duk wanda ya daɗe a kansa zai lissafa aibobinsa ba tare da an roƙe shi ba: yana daskarewa, yana rufe kansa ba sallama, mutanen cikinsa suna maƙalewa a jikin bango. Sa'an nan mutumin nan da ya gama wannan lissafi shi ne zai juya ya ce bai taɓa shiga duniyar wasa da ta kama zuciyarsa kamar wannan ba. A kasuwar Steam, inda aka fi sayar da shi, fiye da kashi 90 cikin 100 na waɗanda suka auna shi sun yaba masa. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana yadda yabo da zargi suka zauna a baki ɗaya, ta kuma nuna cewa abin da ya jawo yabon shi ne dai ya haifi mafi yawan abin zargin.

Asalin wasan

Wani Baturen Ingila mai suna Chris Hunt shi ya fara ƙera Kenshi wajejen shekarar 2006, kuma ya yi shekaru da dama yana aikin shi kaɗai. Domin ya sami abin sakawa a bakin salati, sai ya riƙa yin aikin gadi da dare, ya ba wasan sauran lokacinsa. A watan Maris na 2013 kasuwar Steam ta ɓullo da wani tsari na sayar da wasa tun ba a gama shi ba, domin masu saye su riƙa yi ana gyarawa, kuma Kenshi yana cikin rukunin farko da aka buɗe tsarin da su. Kuɗin da aka samu ta nan su suka ba shi damar ɗaukar mataimaka ƙalilan a kamfaninsa na Lo-Fi Games da ke birnin Bristol. 'Yar'uwarsa, Natalie Mikkelson, ita ta ɗauki nauyin rubuta yawancin zantuttukan mutanen wasan, Kole Hicks kuma ya tsara kiɗan. Ba a ce an kammala ba sai ranar 6 ga Disamba, 2018, watau bayan kimanin shekara 12 da farawa. Zuwa shekarar 2020 an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya.

Ya kamata mai karatu ya riƙe abu biyu daga wannan tarihi, domin za a koma kansu a gaba. Na farko, faɗin ƙasar da ke cikin wasan ya kai murabba'in kilomita 870, kuma an yi ta a shimfiɗe guda, ba a yanka ta ɗaki-ɗaki ba. Na biyu, an ɗora ginin duka a kan wani injin zane na kyauta mai suna OGRE, wanda aka zaɓa tun farkon aikin, ya kuma tsufa kafin aikin ya ƙare.

Duniyar da aka ƙaga

Kalmar "kenshi" daga Japananci take, ma'anarta mai takobi. Sunan ya dace, domin ko da yake labarin na kimiyya ne, yawancin faɗan cikinsa da takubba da adduna da sanduna ake yi, sai kuma wani baka mai kunama irin ta bindiga. Wurin da abin yake faruwa wani wata ne da ke kewaya wata babbar duniya, wadda ɗan wasa kan hango a sararin sama idan ya ɗaga kai. Dauloli biyu masu zurfin fasaha sun taɓa mulki a nan, duka sun rushe, aka bar jikoki suna tonon kufai, suna amfani da kayan da ba su san yadda aka yi su ba.

Manyan ikoki uku ne suka raba ƙasar. Akwai Tsarkakkiyar Ƙasa, mabiya wani abin bauta da suke kira Okran, waɗanda suka mallaki yanki mafi albarkar noma, suna danne mata, suna ƙyamar duk wanda ba ɗan Adam ba, har ma da ɗan Adam ɗin da ya sa hannun ƙarfe a madadin wanda ya rasa. Akwai Haɗaɗɗun Birane a ƙarƙashin sarki Tengu, inda tattalin arziki ya dogara kan bayi, inda kuma talauci kansa laifi ne da za a kama mutum a kansa. Akwai kuma Masarautar Shek, wasu mayaƙa masu ƙahoni waɗanda ba su ganin darajar kome sai jarumtaka. A gefen waɗannan akwai wata al'umma mai zaman amya irin na ƙudan zuma, da kuma Ƙwarangwal, watau mutum-mutumin ƙarfe masu hankali da suka rage daga zamanin da, waɗanda sun ga abin da ya faru amma ba su cika son faɗi ba. Babu ko ɗaya daga cikin manyan ikokin nan da aka zana a matsayin mai gaskiya tsantsa.

Abin da ya fi bambanta Kenshi da takwarorinsa shi ne rashin tauraro. A yawancin wasannin shiga-riga, kamar yadda yake a yawancin ƙagaggun labarai, akwai mutum ɗaya da duniya take jira, wanda jigo yake kewayawa, wanda marubuci ba zai bari ya mutu a tsakiyar hanya ba. A nan kuwa ba a ba ɗan wasa wani aiki da zai cika, ba a kuma shirya masa ƙarshen labari ba. Yana iya zaɓar ya fara a matsayin matafiyi mai 'yan kuɗi kaɗan, ko bawa a mahaƙar duwatsu ta Rebirth, ko kuma wani da aka yasar a tsakiyar hamada tsirara, da yunwa, da hannu ɗaya. Kowanne ya zaɓa, zai tarar cewa ɗan fashin da ya fi kowa rama a hanya ya fi shi iya faɗa.

Yanayi, da yadda 'yan wasa suke jin sa

Idan 'yan wasa suka ce Kenshi yana da yanayi, ba kyan zane suke nufi ba. Tun ranar da ya fito zanensa ya kasance kamar na wasannin da suka girme shi da shekaru. Abin da suke nufi wani nauyi ne da ke sauka a zuciya, na kaɗaici da ƙanƙanta a gaban ƙasa mai faɗi wadda ba ta san da zaman mutum ba. Ana iya bin sawun wannan nauyi zuwa wasu dabaru sanannu.

Akwai shiru. Mutanen wasan ba su magana da murya, rubutu ne yake fitowa a saman kawunansu. Kiɗa ma ba kullum yake tashi ba. Mutum zai yi doguwar tafiya ba ya jin kome sai iska da takun sawu, sa'an nan can sai wani ɗan sauti ya taso, ya jima kaɗan, ya ɗauke. Saboda ƙarancinsa, duk lokacin da ya zo sai ya zama kamar baƙo, kuma da yawa daga cikin masu wasan sukan tuna daidai inda suke sa'ad da ya same su.

Akwai kuma yadda kowane yanki yake da nasa halin da nasa hanyar kashe mutum. A Venge wani haske ne yake saukowa daga sama da rana kamar ginshiƙi, yana yawo yana ƙone abin da ya taɓa, saura ne na wata na'ura ta mutanen da wadda har yanzu take aiki ba mai kula da ita. A wani yanki ruwan sama ne mai cin fata, shi ya sa Ƙwarangwal suka kafa birninsu a can, inda mai tsoka ba ya iya daɗewa. A Gut akwai wasu dabbobi masu dogon wuya da baki kamar na tsuntsu, sun fi mutum gudu, kuma ba su jiran ya mutu kafin su fara ci. Amma wurin da ya fi yawa a bakin 'yan wasa shi ne yankin hazo da ke kewaye da garin Mongrel. Hazon ba ya barin a ga nesa, mazaunansa kuwa sukan kama matafiyi su ɗaure a jikin turke domin shugabanninsu su cinye shi da ransa. Wanda ya isa garin lafiya zai zauna a bayan ganuwa yana jin ihun waɗanda ba su iso ba. Wasan bai tsaya ya nuna wannan da wani shiri na musamman ba. Abin yana faruwa ne kurum, ko ɗan wasa yana kallo ko ba ya kallo, muddin yana kusa.

Tarihin ƙasar ma ba a zaunar da mutum a karanta masa ba. Yana tsintarsa ne gutsi-gutsi daga tsofaffin takardu, da hirar mashaya, da abin da idonsa ya gani. A wani wuri mai suna Obedience, alal misali, zai iske hannuwa da kawunan wasu ƙattin mutum-mutumi sun fito daga ƙasa, an binne su a tsaye. Babu wani allo da aka kafa a wurin mai bayani. Abin da mabiya Okran suke faɗi game da zamanin da dabam, abin da masu binciken kufai suke hasashe dabam, kuma ɗan wasa ne zai auna. Ɗalibin adabi zai gane wannan dabara, ta barin giɓi domin mai sauraro ya cike da kansa.

Sai dai duk waɗannan ado ne a kan ginshiƙi guda, watau rashin tausayin duniyar. Jikin kowane taliki an raba shi kashi bakwai: kai, ƙirji, ciki, hannu biyu da ƙafa biyu, kowanne da nasa rauni. Wanda aka sare wa ƙafa zai yi ɗingishi ko rarrafe, in kuwa raunin ya yi tsanani ƙafar ta guntule, sai ya nemi kuɗin ta ƙarfe. Wanda aka doke ba lalle ne ya mutu ba. Yana iya suma, ya farka ya ga an kwashe masa abinci, ko ya farka da mari a ƙafa a kasuwar bayi. Abin ban sha'awa kuma shi ne, juriya tana ƙaruwa ne ta hanyar shan duka. Wanda bai taɓa faɗuwa ba ba ya yin tauri. Don haka shan kashi a nan ba ya tsayar da labari, shi ne ma yake tura shi gaba, kuma wannan ya juya al'adar da aka saba da ita, inda ɗan wasa kan koma baya ya sake gwadawa duk lokacin da aka ci shi.

Daga nan ne labaran 'yan wasa suke fitowa, kuma kusan duka zubinsu ɗaya. Wani ya fara da haƙar jan ƙarfe a bayan garin Hub yana sayarwa don ya sayi busasshen nama. 'Yan fashi masu yunwa suka bi shi, ya ruga ya faɗa mashaya, masu gadi suka gama da su, ya kwashi kayansu. Wani kuma mutanensa biyu aka kama, ɗaya ya kuɓuce, ya yi kwanaki yana laɓe har ya koma ya buɗe kejin ɗan'uwansa, ya saɓo shi a kafaɗa suka ƙetare hamada. Babu marubucin da ya tsara wannan. Ƙa'idojin yunwa da rauni da gudu ne suka haɗu suka haifar da shi, shi ya sa mai ba da labarin yake jin nasa ne. A garin Mongrel akwai wani rarrauna mai suna Beep, daga mutanen amya, wanda yake cika baki cewa zai zama gwarzon mayaƙi alhali ko kare zai iya kayar da shi. Ya zama abin ƙauna ga masu wasan, kuma da yawa sun ɓata sa'o'i masu yawa suna rainonsa har cika-bakin ya tabbata.

Tangarɗa da ire-irenta

Abin da ake nufi da tangarɗa a nan shi ne duk inda wasa ya yi abin da mai ƙera shi bai nufa ba. A Kenshi ba a neman ta da fitila.

Wadda kowa yake fara cin karo da ita ita ce tsaikon lodi. Tun da ƙasar a shimfiɗe take guda, kwamfuta ba ta iya riƙe ta duka a lokaci ɗaya, sai ta riƙa ɗauko yankin da mutum ya dosa tana sauke wanda ya bari. Idan talikin yana da saurin gudu, ko an ƙara saurin lokaci, sai ya riga kwamfutar isa, kome ya tsaya cik har ta kamo shi. Wanda ya raba mutanensa gida-gida a wurare masu nisa, abin ya fi tsananta gare shi, domin yankuna da yawa ke nan ake riƙewa.

Ta biyu ita ce ta neman hanya. Ɗan wasa yana nuna wa mutanensa inda za su ne kawai, su kuma su nemi hanya da kansu bisa wata taswira ta ɓoye da ke gaya musu inda ƙafa za ta iya takawa. Matsalar ita ce wasan ya yarda mutum ya gina nasa gari kusan ko'ina, a kan tudu ko gangare, kuma duk gini sabo yana sauya wannan taswira. Da zarar lissafin ya kuskure, sai a ga manomi ya tsaya a bakin ƙofa yana kai da komo, ko dabbar dako ta maƙale a lungu, ko ayari ya ɗauki wata doguwar hanya ta cikin ruwa alhali ga gada. Mafi ciwo ita ce ta ganuwa: mutum ya kashe dukiya da kwanaki yana kewaye garinsa, ranar hari kuma ya ga wasu maharan sun ratso ta jikin bango kamar iska. Wani lokaci kuma akasin haka ne, a sanar da shi cewa mayaƙa suna tafe, ya shirya ya yi ta jira, su kuwa sun maƙale a bayan wani dutse.

Akwai ta jiki, inda wanda aka doke zai yi tsalle sama kamar an harba shi da gwafa, ko ya nutse cikin ƙasa. Akwai ta ayyuka, inda aka jera wa ma'aikaci abin da zai yi, ya ɗebo ruwa ya kai gona ya kwashe amfani, sai a dawo a iske shi tsaye da kaya a hannu, gona ta bushe. Sa'an nan akwai babbar, wadda wasan yake rufewa gaba ɗaya, duk abin da aka yi tun ajiyar ƙarshe ya tafi.

Masu ƙera wasan ba su ɓoye wannan hali ba, har ma sun saka magunguna a cikinsa. Akwai umurnin da ke sa kwamfuta ta sake lissafa taswirar hanya a inda mutum yake. Akwai kuma wata hanya ta ɗauko mutanen ɗan wasa, da gine-ginensa, da iliminsa, a zuba su cikin sabuwar duniya wadda aka wanke daga tarkacen da ya taru. Tsofaffin 'yan wasa sukan yi wannan lokaci-lokaci kamar yadda ake yi wa mota juyen mai, kuma shi ne shawarar farko da sukan ba sabon shiga idan ya zo da kuka. Wannan magani yana da nasa farashi, domin yana mayar da abubuwa da yawa na duniyar yadda suke tun farko, kuma in mutum bai lura da zaɓin da aka ba shi ba, shugaban da ya sha wuya kafin ya kawar zai iya dawowa kan gadonsa.

Dalilin haƙurin 'yan wasa

Idan aka dubi tangarɗun nan da kyau za a ga cewa yawancinsu daga buri suka fito. Da an yanka ƙasar ƙanana-ƙanana da tsaikon lodi ya ragu, amma da doguwar tafiyar nan mai sa mutum ya ji ƙanƙantarsa ta tafi. Da an hana gini sai a wuraren da aka keɓe da neman hanya ya daidaita, amma da an rasa daɗin kafa gari a inda mutum ya ga dama, har masu karɓar haraji na Haɗaɗɗun Birane su zo ƙofarsa, ko limaman Okran su zo duba ko yana ibada. Babban kamfani yana da ma'aikatan da aikinsu kawai shi ne gwaji da farautar kurakurai, kuma sau da yawa idan wata dabara ta faye kawo matsala sai a cire ta. Chris Hunt bai da waɗannan ma'aikata, bai kuma cire dabarun ba. Masu wasan da suka daɗe sun fahimci wannan ciniki, shi ya sa idan suna zargi sukan yi shi da sassauci, irin na wanda ya san cewa mai son ɗan tsuntsu shi yake bin sa da jifa.

Amma wannan bai isa ya bayyana kome ba, domin ba kowace tangarɗa ake yafewa daidai da 'yar'uwarta ba. Za a iya raba su gida biyu bisa ga yadda ake karɓarsu. Akwai wadda takan shige cikin labari. A duniyar da dama can ba ta da tabbas, inda ayarin 'yan kasuwa kan yi karo da dabbobin daji ba da shirin kowa ba, idan mai gadi ya maƙale a ƙofa har fursuna ya sulale, ɗan wasa ba ya jin an cuce shi. Sa'a ce ta zo, kamar yadda tsiya takan zo, kuma gobe zai ba da labarin yana dariya. A wasan da aka tsara kowane motsi kamar fim, irin wannan kuskure yana yaga labule ne a ga masu shiri a baya. A Kenshi kuwa labulen dama ba shi da kauri, kuma iyakar da ke tsakanin abin da aka nufa da abin da ya faru kurum ba ta fito sosai ba.

Ɗaya gidan kuwa shi ne na tangarɗar da take satar wahalar mutum, kuma a nan haƙuri yakan ƙare. Dukan darajar wasan ta tsaya ne a kan alkawari guda, cewa abin da ya sami mutum sakamakon shawararsa ne. Wanda ya ratsa Gut da rana tsaka aka cinye shi ya san laifin wa. To amma wanda ya ba da umurnin gudu a kan lokaci, talikinsa ya tsaya yana karo da dutse har aka cim masa, an karya masa wannan alkawari. Haka wanda ya yi sa'a biyu yana gini wasan ya rufe. Wannan ne ya sa ake samun rukunin mutane, ba kaɗan ba, da suka ajiye Kenshi tun a sa'o'in farko, kuma ba daidai ba ne a ce duk rashin juriya ne ya kore su. Sabon shiga ba shi da yadda zai bambance wahalar da aka nufa da wadda kuskure ya jawo, tun da wasan ba ya bayyana kansa sosai. Duka biyun duka ne a wurinsa. Har ila yau, ya kamata a yi hattara da adadin masu yabo da aka ambata a baya, domin wanda ya kai ga son wasan ya fi wanda ya gudu tun farko zama ya rubuta ra'ayinsa.

Wani abin da ya ƙara ɗaure 'yan wasa shi ne an ba su kayan gyara a hannu. Tare da wasan akwai wata manhaja mai suna Forgotten Construction Set, wadda da ita ake iya sauya kusan kome na cikinsa. Da ita da makamantanta masu sha'awa suka yi dubban gyare-gyare suka raba kyauta: wasu sun rage nauyin zane domin lodi ya yi sauri, wasu sun rage tarkacen duwatsu da ciyayi, wasu sun ɗaga iyakar mutum 30 da wasan ya yanka wa ƙungiyar ɗan wasa, wasu sun ƙara garuruwa da zantuttuka. Mutumin da ya ɓata yammacinsa yana jera waɗannan gyare-gyare har wasan ya daidaita a kwamfutarsa ya tashi daga matsayin mai saye kawai, ya zama kamar mai tsohuwar mota da ya san inda ake bugawa ta tashi. Ko da yake a nan ma akwai ƙaiƙayi, domin gyare-gyaren da suka yi yawa sukan yi karo da juna su haifar da sababbin tangarɗu, waɗanda kuma a ƙarshe wasan ake ɗora wa laifinsu.

A shekarar 2019 kamfanin Lo-Fi Games ya sanar cewa yana aikin Kenshi na biyu, wanda labarinsa zai faru shekara 1,000 kafin na farko, ya kuma bayyana cewa zai bar tsohon injin OGRE ya koma kan Unreal, injin da manyan kamfanoni suke amfani da shi. Yawancin masu wasan sun yi murna, don suna sa ran tsaikon lodi da maƙalewa a bango za su ragu. Wasu kuwa, musamman masu yin gyare-gyare, tambayarsu ta farko ita ce ko sabon injin zai bar su su sa hannu a cikin wasan da sauƙi kamar yadda tsohon ya bar su.